Ranar da Mavis Ta Ce Fili

A kan igiyar shanyar Mavis Holroyd kullum akwai tsumma ɗaya. Tsumman goge kwanuka ne, fari mai ratsin shuɗi, ya koɗe har ratsin ya kusa ɓacewa. Masu wucewa ta bayan gidanta a ƙauyen Askerby, in ma sun gan shi, ɗauka suke yi mantuwa ce irin ta tsufa. Ba mantuwa ba ce. Da sassafe take jiƙa shi ta matse, ta fito ta maƙala, ta koma ciki ta ɗora ruwan shayi, can ta dawo ta taɓa shi da bayan hannu. In ya fara shan iska sai ta fito da sauran wanki. In ta ji shi yadda ta bar shi, wankin ya kwana a kwando. Tsumman nan shi ne mai ba da shaida na ƙarshe, bayan ta saurari rediyo, ta kalli talabijin, ta leƙa waya, ta kuma ƙwanƙwasa gilashin agogon auna iska, mai nuna ko ruwa na tafe, da ke rataye a bayan ƙofa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta yarda da shi. Amma ba ta taka waje sai ta ji ta bakin kowanne.

'Yar manomi ce. Tana ƙarama ta ga mahaifinta tsaye a tsakiyar gona, ruwa na zuba a kan ciyawar da ya yanka don abincin shanu, bayan mutumin rediyo ya yi alkawarin rana har ƙarshen mako. Ciyawar ta ruɓe a inda take. Tsohon bai zagi kowa ba. Ya dawo gida, ya juya fuskar rediyon ta kalli bango, aka ci abinci shiru. Da gari ya waye shi da kansa ya juyo ta ya kunna, don ya ji abin da za a ce game da gobe. Mavis ta gaji wannan hali kaf ɗinsa, da ƙiyayyar da kuma kasa rabuwa.

Ranar aurenta da Stanley ma ruwa aka yi. Hoton yana nan a kan kabad ɗin falo, mayafin amarya ya manne mata a fuska, Stanley yana dariya kamar an ba shi kyauta. Ta yi shekaru masu yawa tana girki a kicin ɗin makarantar firamare, inda yara suka fi tsoronta a kan shugaban makaranta. Ɗanta guda, Neil, ya yi ƙaura zuwa Ostareliya, yana turo mata hotunan jikoki a bakin teku, sama tas babu ko gajimare ɗaya. Ta kan kalli hotunan ta ce, "To su waɗannan me suke hira a kai?" Ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, ƙauyen kuma yana da nisa da teku, amma kowace asuba sai ta saurari hasashen da ake yi wa masu jiragen ruwa, tana gyaɗa kai kamar tana da kwale-kwale a can.

Gaisuwa da ita sai mai ƙarfin hali. In ka ce, "Madam Holroyd, yau kam an samu rana," sai ta ɗaga kai ta harari sama ta ce, "Ba za ta daɗe ba." In ka ce, "Wannan ruwa ya ishe mu," sai ta ce, "Ai tun jiya aka faɗa, kai ne ba ka saurara ba." Ko ta ina ka ɓullo sai ka tafi da laifi.

Abin da ya sa duk da haka ake ɗaga mata hula shi ne makulli. Kowace shekara a tsakiyar bazara ana bikin ƙauye. Akwai gasar kek da gasar karnuka, akwai 'yan badujala, akwai shayi ba iyaka. Ko dai a yi shi a babban filin ciyawa da ke gaban coci, ko a zauren taron coci da ke gefe. Al'adar Askerby ita ce wanda ke riƙe da makullin zaure shi ke yanke hukunci. Ranar Juma'a, jajibirin biki, da tsakar rana ya tsaya a bakin ƙofar coci ya faɗi kalma ɗaya, fili ko zaure, daga nan babu mai ƙara magana. Stanley ne ya riƙe makullin har ya rasu. Da aka binne shi Mavis ta ɗaura makullin a koriyar igiyar da yake ɗaure tumatir da ita, ta rataya a wuya, babu wanda ya samu bakin cewa ta kawo. Da ba don makullin nan ba, da ita ma tana cikin tsofaffin da ake ba kujera a gefe a miƙa musu biskit. Ta san haka sarai.

Wadda ta fi kowa sanin haka ita ce Hilary Bamford, ƙanwar Stanley. Tun ranar da yayanta ya kawo Mavis gida jininsu bai haɗu ba. Agogon auna iskan da Mavis ke ƙwanƙwasawa na mahaifiyar su Hilary ne, kuma har yau Hilary gani take an ƙwace mata. Ta kuma sha faɗa wa mutane, da murya ƙasa ƙasa, cewa ranar jana'izar Stanley matarsa ta fi kallon sama a kan akwatin gawa. Duk da haka ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. A coci suna musabaha. Ranar Kirsimeti suna aika wa juna kati. Duk wata muguwar magana a cikin zancen ruwa da rana suke naɗe ta.

Bara ne aka samu tangarɗa. Rediyo da talabijin suka haɗa baki suka ce hadari na tafe da tsawa. Mavis ta ce zaure. Aka wayi gari da rana irin wadda ba a gani sai an yi shekaru. Mutanen ƙauye kaf suka cunkushe a zaure suna gumi. Kirim ɗin da ke kan kek ya narke ya bi tebur. Wani dattijo mai busa ƙaho ya sume a cikin rigarsa ta ulu. Karnuka suka kaure da faɗa a ƙarƙashin kujeru. Ta taga kuwa ga filin can kore shar, yana sheƙi, babu kowa a kai sai tsuntsaye. Tun daga ranar aka laƙaba mata suna Uwar Laima. Ba a gabanta ake faɗa ba, amma a ƙauye irin wannan bayan ido bai da nisa.

Ranar Alhamis kafin bikin bana kwamiti ya zauna a falon Rabaran Pennock, limamin cocin, mutum mai taushin murya wanda ya fi tsoron rigima a kan mutuwa. Akwai Trevor, tsohon mahauci, wanda ke kafa tantuna. Akwai Hilary da wayarta a tafin hannu.

"Matar Yaya, kin zo da laimar ko?" in ji Hilary. "Na ga kamar akwai gajimare ɗaya can wajen Faransa."

"Na zo da ita. Ke ma kin zo da bakinki, na gani."

Trevor ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Rabaran ya yi sauri ya miƙa farantin biskit tsakaninsu.

"Ni ba wani abu nake nufi ba," Hilary ta ci gaba, tana murmushi. "Tausayi nake ji. Nauyin nan ya yi wa mutum ɗaya yawa, ga shekaru. Bara dai kowa ya ga abin da ya faru. Har yau Malcolm bai koma busa ƙaho ba."

"Malcolm tun kafin ya sume ba ya iya busa."

"To ai shi ke nan. Ni shawara ce kawai. In bana ma aka sake, sai a hutar da ke. Wani ya karɓi makullin."

"Wani wa?"

"Ko wa aka ga dama."

"Wato ke."

"Ni ban ce ba."

Rabaran ya gyara murya. "Ina ganin, Madam Holroyd, babu wanda ke cewa... wato dai, abin da ake nufi..." Ya kalli Trevor neman agaji. Trevor ya duƙufa yana nazarin biskit ɗinsa. Mavis ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta gane an riga an gama magana tun kafin ta iso.

"Na ji," ta ce. "In na kuskure, ku karɓa."

Ranar Juma'a shaidunta suka watse mata. Rediyo ta ce rana, da ɗan yayyafi nan da can. Yarinyar talabijin ta shafa hannu a kan taswira daidai inda Askerby take ta ce ruwa mai ƙarfi bayan la'asar, wataƙila kafin nan, wataƙila kuma ya bi ta arewa. Waya ta nuna rana da gajimare da ɗigon ruwa duk a hoto ɗaya, ta rubuta kashi arba'in cikin ɗari. Allurar agogon iska ta tsaya a tsakiya ta ƙi motsi ko da ta ƙwanƙwasa har yatsa ya yi mata zafi. Ta fita wajen tsumma. Gefe ɗaya ya bushe, ɗaya gefen da danshi.

Amma gwiwarta ta hagu tana ciwo, tsuntsaye kuma ƙasa ƙasa suke shawagi, alamun ruwa ke nan a wurinta. A ranta ta riga ta yanke. Zaure. Ta ɗauki laima ta kama hanyar coci.

Mutane sun ɗan taru a bakin ƙofa kamar yadda aka saba. Tun daga nesa ta hango Hilary tana faɗa wa Trevor wani abu, shi kuma yana rufe baki da hannu. Da ta ƙaraso, Trevor ya ce, "Madam, in bar tantunan a mota ko? Kada in wahalar da bayana a banza."

"Bar su kawai, Trevor," in ji Hilary. "Ai kowa ya san amsar. Matar Yaya ko a cikin hamada aka ajiye ta, zaure za ta ce. Stanley ne mai zuciyar cewa fili, Allah ya ji ƙansa."

Wani ya yi dariya a baya. Mavis ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta hau matakalar ƙofa, ta dafa makullin da ke ƙirjinta, gwiwarta na zugi. Ta buɗe baki da niyyar faɗin abin da ta zo da shi.

"Fili," ta ce.

Hilary ta ɗaga gira. "Kin tabbata?"

"Kin ji ni."

Asabar ta waye da rana tas. Mavis ta tsaya a bayan ƙofa ta daɗe tana kallon laimarta. Sai ta bar ta a jingine, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa. Ta ciro malafar da ta saya don wani biki da aka fasa saboda ruwa, ta kafa a kai, ta fita tana taku ɗai ɗai don kowa ya gani.

Filin ya yi kyau. An kafa tantuna, an ɗaura ƙananan tutoci daga bishiya zuwa bishiya, 'yan badujala suna gyara ƙahonninsu. Wurinta na kullum shi ne teburin shayi, bayan babbar tukunya mai famfo. Daga nan take ganin kowa. Mutane suka riƙa zuwa suna cewa, "Madam Holroyd, bana kam kin dace." Ita kuwa tana zuba shayi tana amsawa da, "Ai ba dace ba ne."

Tana cikin wannan jin daɗi ne idonta ya fara tsinto wasu abubuwa. Matar mai kantin ƙauye ta buɗe jaka za ta ciro hankici, sai ga rigar ruwa a naɗe. Rabaran yana sanye da farar riga, amma kan laima ya leƙo daga aljihunsa na baya. Trevor ya ɗaure tantunan da igiya biyu biyu. Hilary tana yawo da takalmi mai buɗaɗɗen yatsu, amma da ta buɗe bayan motarta don ciro kek ɗinta na gasa, Mavis ta hango dogayen takalman roba a tsaye. Kowa ya duba hasashe kafin ya fito. Kowa ya zo da shirinsa. Ita kaɗai ce a filin nan da malafa, hannu rabbana.

Ana tsakiyar gasar karnuka iska ta sauya. Tutocin suka fara kaɗawa da ƙarfi. Ɗigo ɗaya ya faɗo a cikin kofin da take riƙe da shi. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ba a jima ba ruwa ya sauko, da farko siriri, daga baya kamar da bakin ƙwarya. Kafin ka ce me, filin ya cika da laimomi da rigunan ruwa kala kala, kamar dama jira ake yi.

Zauren yana can gefe, bushe, a kulle. Makullin yana wuyanta. Kowa ya san haka, kuma babu wanda zai iya buɗe baki ya ce ta buɗe. A Askerby ba a yin haka. Sai dai a zo a karɓi shayi.

Matar mai kanti ce ta fara zuwa. "Kamar dai an ɗan fara yayyafi, ko?"

"Zai wuce," in ji Mavis.

"Haka ne, haka ne. Ai shuke-shuke suna so."

Sai Trevor, ruwa na ɗiga daga hancinsa. "Madam, yau kifaye ma sai sun nemi mafaka."

"Sukari nawa?"

"Biyu. Na ce, bara dai zauren nan ya bushe sosai."

"Ya bushe."

Ya tsaya jim, ya ga ba ta da niyyar ƙarawa, ya ɗauki kofinsa ya tafi.

Rabaran ya zo yana murza hannu. "Madam Holroyd, wane irin ƙoƙari kike yi! Ina ta tunani ne kawai, ko da yake ba lallai ba ne, wasu daga cikin tsofaffinmu..."

"Waya ta ce zai ɗauke nan da minti goma, Rabaran."

"Madalla! To ai shi ke nan. Madalla."

Da gaske wayar ta faɗi haka. Da minti goman suka cika ta sake leƙawa a ƙarƙashin tebur, ta ga ta sake cewa minti goma. Ta san da zarar ta sa makullin nan a ƙofa, ta amsa da hannunta cewa ta kuskure, makullin kuma ba zai dawo wuyanta ba. Muddin ƙofar na rufe, ruwan nan yayyafi ne mai wucewa. Ta ci gaba da zuba shayi. Malafar ta jiƙe ta lanƙwaso a kan kunnuwanta.

Haka ƙauye guda ya tsaya a cikin ruwa yana biki. 'Yan badujala suna busa, ƙahonnin na kurkure kamar ana wanke baki. Alƙalin gasa yana shafa jiƙaƙƙun karnuka yana yaba gashinsu. Tsofaffi na zaune a kujerun roba, bargo a gwiwa, suna ce wa juna, "Kamar can yamma ya fara haske." Yamma kuwa baƙi ƙirin take. Duk wanda ya wuce ta gaban teburin shayi sai ya yi wa Mavis murmushi, irin murmushin da ya fi zagi ciwo.

Tantin kek ne ya kawo ƙarshen abin. Ruwa ya taru a rufinsa har ya yi ciki ya sauko. Trevor ya ɗauko sandar tsintsiya ya ce a matsa, zai tura shi waje. Ya tura. Ɗinkin tantin ya yage daga tsakiya, ruwan ya zubo gaba ɗaya a kan teburin gasa. Kek ɗin Hilary, mai hawa uku, wanda ta kwana biyu tana yi wa ado da furannin sukari, shi ne a tsakiya.

Hilary ta tsaya tana kallonsa. Sai ta sa hannu biyu ta ɗauki farantin, ta ratsa filin da shi, laka na tsotse mata takalmi, ta dire shi a gaban Mavis har kofuna suka yi ƙara.

"Ba ni makullin."

Masu busa suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke kusa suka sunkuyar da kai kamar an tuɓe a gabansu. Ruwan bai ba su kunya ba kamar wannan magana da aka faɗa tsirara.

"Zai wuce," in ji Mavis.

"Ba zai wuce ba! Ke ce za ki wuce, ruwan nan yana nan! Dubi mutane. Dubi tsohuwar can tana rawar sanyi saboda girman kanki. Kin san za a yi ruwa, Mavis. Tun jiya na ga yadda kike ɗingishi."

"Kin gani, kika kuma tsokane ni."

"Ni na sa ki? Ni na buɗe miki baki?"

"Kin zo da takalmin roba a mota."

"Kowa ya zo da nasa! Ke ce Uwar Laima, yau ina laimar?"

Wannan ne karo na farko da aka faɗi sunan a fuskarta. Rabaran ya matso yana cewa, "'Yan uwa, 'yan uwa," babu wadda ta kalle shi.

"Tun ranar da aka binne yayana kike rataye da makullin nan kamar lambar yabo," Hilary ta ci gaba. "Kin riƙe agogon mahaifiyata, kin riƙe makullin yayana. Me kika bar wa jininsa?"

"Na bar miki bakinsa? A'a, shi ba shi da irin naki. Na yi jinyarsa ke kina yawon buɗe ido a Sifen, kina turo mana kati wai rana ta yi miki yawa."

"Makullin, Mavis."

Mavis ta duba filin. Babu wanda ya haɗa ido da ita. Wasu na kallon takalmansu, wasu na kallon sama, wasu sun ciro waya suna duba ko ruwan zai ɗauke. Babu mai cewa a bar mata. Ta kai hannu wuya. Igiyar ta jiƙe, ƙullin ya kumbura ya ƙi kwancewa. Dole ta cire malafar, gashinta ya fito a manne da kai kamar na jariri, sannan ta zaro igiyar ta saman kai. Hilary ta miƙo hannu. Mavis ta kalli hannun, ta ɗora makullin a tsakiyar jagwalgwalallen kek ɗin, ta danna shi da babban yatsa har ya nutse.

"Ga shi nan," ta ce. "Dama bai gasu a tsakiya ba."

Hilary ta tono shi da yatsu, ta goge a rigarta, ta juya ta nufi ƙofar zaure.

Aka shiga kwashe kaya. Tebura, kujeru, ganguna, karnuka, tsofaffi, duk aka yi zaure da su a guje. Kowa da ya zo wucewa ta gabanta sai ya ɗan rage sauri.

"Ba laifinki ba ne, Madam Holroyd."

"Wa zai iya sani? Su kansu masu hasashen ba su sani ba."

"Kada ki sa a ranki, kin ji?"

Ta san ma'anar kowace. Da irin waɗannan kalmomi ake sallamar mutum a Askerby. Trevor ya zo ɗaukar tukunyar shayi, ta ce masa da zafi, ya bari ta huce. Ya ce to, ya tafi, daga baya ta hango shi ta taga yana jona wata butar a zaure.

Ta zauna ita kaɗai a ƙarƙashin 'yar rumfar teburin mai yoyo, hannuwanta a jikin tukunyar don ɗumi. Daga ciki badujala ta sake tashi. Ana cikin haka ƙarar ruwan a kan rumfa ta fara raguwa, ta koma ɗis ɗis, ta tsaya. Gajimaren ya tsage daga yamma. Rana ta fito, mai zafi, ciyawa ta fara tururi, tutocin da suka jiƙe suna walƙiya.

Ta ga fuskoki sun taru a tagogin zaure. Suna kallon filin, suna kallon ta, suna komawa. Ta gyara zama, ta mayar da jiƙaƙƙiyar malafar kanta, ta jira. Ƙofar zaure ta buɗe. Hilary ce, koriyar igiyar a wuyanta, takalman roba a ƙafa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai ta harari sama.

"Ba za ta daɗe ba," ta ce da ƙarfi, don na ciki su ji. Ta ja ƙofar ta rufe.

Mavis ta buɗe famfon tukunyar ta bar sauran shayin ya tsiyaye a ciyawa. Ta jera kofuna a kife yadda ta saba, ta kama hanyar gida a cikin rana, takalmanta na fitar da ruwa a kowane taku. Hannunta ya kai ƙirji sau da yawa a hanya, ya dawo.

A gida laimar tana nan jingine a inda ta bar ta. Ta wuce agogon iska ba ta taɓa shi ba. A kicin ta kama rediyon ta juya fuskarsa bango. Ta canza kaya, ta shafa magani a gwiwa, ta tsaya a taga. Can a kan igiya tsumman yana lilo, ya sha ruwa ya yi nauyi. Ta fita ta bayan gida, ta cire shi, ta matse shi sosai, ta karkaɗe, ta sake maƙala shi a inda yake.